Wace kwandalar zinare zan fara saya?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Na tara 'yan kuɗi daga albashi da adashi, waɗanda za su iya sayen gwal kamar giram talatin zuwa arba'in, kuma ina tsoron barin su a banki saboda yadda naira ke zubewa. Na taɓa sayen sarƙa da awarwaro da niyyar ajiya, da na zo sayarwa sai na ga asara. Ƙanina da ke zuwa Dubai ya ce gara in sayi kwandalar zinare, ya turo min hotunan Krugerrand da Maple Leaf da Panda da wata mai hoton Sarauniyar Ingila. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, asarar da kika yi a sarƙar nan ita ce darasin farko, kuma kin riga kin biya kuɗinsa, don haka daga nan za mu fara. Ranar da kika sayi sarƙa abu biyu kika biya: kuɗin zinaren da ke cikinta da kuɗin aikin maƙeri. Ranar da kika mayar da ita kasuwa, mai shago ya ɗora ta a sikeli, ya duba karat, ya biya ki kuɗin zinare kaɗai, watakila ma ya ɗan rage. Kuɗin aiki ya tafi ke nan. To kwandala ma tana da nata kuɗin aikin, sai dai ya fi na sarƙa sauƙi nesa ba kusa ba. Shi ya sa idan aka tambaye ni wacce ta fi kyau, nakan mayar da tambayar: ranar da buƙata ta taso, wa za ki kai wa, kuma nawa zai ba ki? Daga ranar sayarwa ake zaɓen kwandala, a yi lissafi a dawo baya zuwa ranar saye.

Kafin mu taɓa sunayen da ƙaninki ya turo, ki riƙe awo ɗaya. A kasuwar duniya da oza ake faɗar farashin zinare, kuma ozar zinare giram 31.1 ce. Ba ita ce ozar da ake auna kayan abinci da ita ba, waccan giram 28.35 ce, kuma na sha ganin wanda ya rikice a nan. A Landan ake tsayar da farashin da dillalai ke dogara da shi, sau biyu a rana, safe da yamma, amma kowace waya mai intanet za ta nuna miki farashin wannan mintin da dala. Ki raba shi da 31.1, kin sami kuɗin giram ɗaya na zinare tsantsa. Duk abin da mai sayarwa ya ɗora a kan wannan, shi ne ƙari, kuma a kan ƙarin nan ne ake cin sabon shiga.

Bari mu yi misali da lamba mai sauƙi. A ce oza tana dala 4,000, wato giram ɗaya kusan dala 128.6. Kwandalar Ingila da ake kira Sovereign nauyinta giram 7.98, amma zinaren da ke cikinta giram 7.32 ne, saura jan ƙarfe. Zinarenta ke nan ya kama kusan dala 941. Idan aka ce miki dala 990, ƙarin ya ɗan haura kashi 5 cikin ɗari. Yanzu sai ki yi tambayar da yawancin masu saye ke jin kunyar yi: idan na dawo maka da ita yau ɗin nan, nawa za ka saya? A ce ya ce 925. Tsakanin 990 da 925 akwai dala 65, ma'ana sai zinare ya tashi da kashi 7 cikin ɗari kafin uwar kuɗinki ta dawo, ba a ma fara zancen riba ba. Wannan tazarar tsakanin saye da sayarwa ita ce ainihin tsadar kwandala. Dillalin da ya ƙi faɗa miki nawa zai karɓi kayansa idan sun dawo, ki yi masa sallama cikin mutunci ki fita.

To, su kansu kwandalolin. Krugerrand ita ce uwar tafiya. Afirka ta Kudu ta fara buga ta a 1967 don ta sayar da zinarenta ga mutane ɗaiɗaiku, kuma ita ce ta fara kawo tsarin kwandala mai ɗauke da oza ɗaya cif. Fuskar Paul Kruger, wani tsohon shugaban Turawan Boer na can, ce a gefe ɗaya, barewa a ɗaya gefen. Karat 22 ce, an haɗa ta da jan ƙarfe, shi ya sa take ɗan ja-ja, har wasu kan ɗauka ba zinare mai kyau ba ne. Nauyinta giram 33.93, amma zinaren ciki 31.1 ne daidai, jan ƙarfen ƙari ne don ta yi tauri. A zamanin mulkin wariyar launin fata ƙasashe da dama sun hana shigo da ita, Amurka ta hana a 1985, kuma a wannan tsakanin ne sauran ƙasashe suka cika kasuwa da nasu. Kanada ta riga ta fito da Maple Leaf tun 1979. Amurka ta kawo Eagle a 1986, ita ma karat 22 mai nauyin 33.93, sai dai an sa mata azurfa kaɗan tare da jan ƙarfen. Ingila ta kawo Britannia a 1987, tana karat 22 har zuwa 2012, daga 2013 ta koma tsantsa. Ostiriya ta kawo Philharmonic a 1989, mai hoton kayan kiɗa, wadda ta fi shiga hannu a Turai.

Maple Leaf da Philharmonic da Britannia ta yanzu duk karat 24 ne, masu lamba 9999, wato zinare kashi 99.99 cikin ɗari, nauyinsu kusan giram 31.1, ba a ƙara musu wani ƙarfe ba. Kada wani ya ruɗe ki cewa ozar Maple Leaf ta fi ozar Krugerrand zinare. Zinaren ciki ɗaya ne. Bambancin shi ne tsantsar zinare taushi gare ta, ta ɗan gogu da 'yar'uwarta a jaka sai ki ga zane, ta faɗi a siminti gefenta ya lotsa. Krugerrand kuwa tana jure wahala.

Panda ta ƙasar Sin akwai tarko a cikinta ga wanda bai sani ba. Tun 2016 aka daina buga ta da oza, aka koma giram, babbar da aka saba gani yanzu giram 30 ce. Idan kika kwatanta farashinta da na Maple Leaf kika ga ta ɗan fi araha, ba araha ba ce, giram ɗaya da ɗigo ɗaya ne babu. Ga shi kusan kowace shekara ana sauya hoton dabbar, masu tara kwandaloli don sha'awa suna bin ta, wannan kuma yana ɗaga ƙarinta. Ke ba sha'awa ta kawo ki ba. Ki bar ta.

Ita kuwa "mai hoton Sarauniya", wannan bayani bai isa a gane ta ba, domin Sarauniya Elizabeth na kan Maple Leaf da Britannia da Sovereign da Kangaroo ta Ostareliya duka, kuma bayan rasuwarta a 2022 sannu a hankali aka koma buga su da hoton Sarki Charles. Ki ce ƙaninki ya juya ta ya ɗauko bayanta. Idan mahayin doki ne yana sukar dodo, Sovereign ce, wadda ake bugawa a siffarta ta yanzu tun 1817. A nan ina so ki buɗe ido sosai. A kasuwannin zinare na ƙasashen Larabawa akwai kwandaloli masu kama da ita, waɗanda maƙera ke bugawa, giram 8, da yawansu karat 21. Ba lalle ne a kira su jabu ba, zinare ne na gaske, kuma mai shago na kirki zai gaya miki abin da suke. Amma giram 8 na karat 21 zinarensa giram 7 ne, ba 7.32 ba, kuma ba gidan buga kuɗi na Ingila ne ya yi su ba. Idan an sayar miki da ita a matsayin zinaren karat 21 bisa nauyi, ba laifi. Idan an karɓi kuɗin Sovereign ta ainihi, an cuce ki.

Yanzu mu dawo kan wanda zai saya daga hannunki, domin amsar tana sauyawa da inda mutum yake zaune. Mazaunin Ingila, Sovereign da Britannia ne nasa ba sai an yi dogon tunani ba, saboda dokar can ta ɗauke su a matsayin kuɗin ƙasa, ba a karɓar harajin riba idan ya sayar. Mazaunin Amurka, Eagle ce kowane dillali zai karɓa nan take. 'Yan'uwanmu na Zangon Kumasi da Nima suna da tasu hanyar tun 2024, lokacin da babban bankin Ghana ya fito da kwandalarsa ta zinare tsantsa, oza ɗaya da rabi da kwata, ana saye da sidi ta bankunan kasuwanci. Ke kuwa, idan buƙata ta zo, wurin 'yan gwal na cikin gari za ki, ko kasuwar Wuse idan kina Abuja. Su kuma sikeli da karat suka sani. Ba wanda zai ƙara miki ko sisi don sunan Kanada ko Ostiriya na jikin kwandala. Da yawansu narkar da ita ma za a yi a ƙarshe. Wannan yana nufin duk wani ƙarin da kika biya saboda suna, ko shekara, ko kyawun hoto, ba zai dawo ba.

Saboda haka, ga wanda zai sayar a kasuwanninmu, ni na fi karkata ga karat 24 mai lamba 9999 a rubuce a jiki, Maple Leaf ko Britannia ko Philharmonic, duk wadda ƙarinta ya fi ƙanƙanta a ranar. Dalilina ba wai ta fi Krugerrand daraja ba ne. Gardama ce ba na so. Idan kika ajiye Krugerrand a gaban wanda bai saba da ita ba, ya ga launinta ja, sai ya goga ta a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce shi karat 21 ya gani, ko ya yi miki farashin sarƙa. Kina da gaskiya, amma kina da buƙata, shi kuma ba ya sauri. Mai 9999 ba ta cika barin ƙofar wannan ja-in-jar ba. Akwai kuma wani amfani ga mai saye a Dubai: zinaren jari da tsarkinsa ya kai kashi 99 cikin ɗari ba a ɗora masa harajin kashi 5 da ake ɗora wa kayan ado a can. Ƙaninki ya tabbatar da wannan a jikin rasit.

Zan ma faɗi abin da wasu masu sayar da kwandala ba sa son ji. Ga mai niyya irin taki, ƙaramin sandan zinare na giram 10 ko 20 daga sananniyar matata kamar PAMP ko Valcambi, a rufe cikin katinsa mai lamba, sau da yawa ƙarinsa bai kai na kwandala ba, kuma 'yan gwal ɗinmu sun saba da shi. Abin da kwandala ta fi shi shi ne wuyar kwaikwayo: nauyinta da faɗinta da kaurinta duk sanannu ne, kowa zai iya aunawa. Ki sa ƙaninki ya tambayo farashin duka biyun a rana ɗaya, ki kwatanta kuɗin giram.

Sai batun girma, wanda a ganina ya fi batun suna muhimmanci ga mai kuɗi irin naki. Ana buga waɗannan kwandaloli oza ɗaya, rabi, kwata, da kashi ɗaya cikin goma. Wahalar buga ƙarama da babba kusan ɗaya ce, don haka ƙarin ƙarama ya fi yawa idan aka auna da zinaren cikinta. Mu koma misalinmu na dala 4,000. A ce oza guda da ƙarin kashi 4 ta kama 4,160. Ƙanana goma masu kashi ɗaya cikin goma, idan ƙarinsu kashi 12 ne, sun kama 4,480. Zinare iri ɗaya, nauyi ɗaya, amma kin ƙara dala 320, kuɗin giram biyu da rabi ke nan. To amma oza guda ma tana da nata aibin: ba ta yankuwa. Idan kuɗin makarantar yaro ne ya taso, kina neman kwatan kuɗinta, dole ki sayar da ita gaba ɗaya, sauran kuɗin kuma kin san yadda kuɗi ke yi a hannu. Da kuɗin giram talatin zuwa arba'in, ni masu kwatan oza zan ce ki saya, wato masu giram 7.78, guda huɗu ko biyar, ko rabi ɗaya da kwata biyu. Kin ɗan ƙara biya, amma kin sayi damar sayar da ɗaya ki bar saura.

Akwai wasu da za a nuna miki a cikin akwati mai kyau, suna ƙyalli kamar madubi, da takardar shaida, a ce bugu na musamman ne, ko an buga 'yan kaɗan, ko wani kamfani ya ba su maki ya rufe a roba. Wannan wata sana'a ce daban, ta masu tara tsofaffin kuɗi, kuma tana bukatar ilimin shekaru. A Amurka ma masu talla kan tsorata mutane da labarin 1933, lokacin da Shugaba Roosevelt ya umarci jama'a su miƙa zinarensu ga gwamnati, su ce ka sayi tsohuwar kwandala mai tsada don ita ba za a karɓe ba. An ɗage wannan hani tun ƙarshen 1974, kuma ko a lokacin bai shafi mutumin Kano ba. Sikelin mai shago bai san akwati ba.

Jabu kuwa akwai shi, kuma yana ƙaruwa duk lokacin da farashi ya tashi. Gwajin mayen ƙarfe yana kama na banza-banza ne kawai: zinare ba ya manne wa mayen ƙarfe, amma tagulla da dalma ma ba sa mannewa. Abin da ya fi shi ne a haɗa awo uku, nauyi da faɗi da kauri. Zinare yana da nauyi ƙwarai a ɗan ƙaramin jiki, don haka jabun da ya cika nauyi yakan fi faɗi ko kauri, wanda ya dace da girma kuma yakan gaza a sikeli. Maple Leaf ta oza faɗinta milimita 30, Krugerrand 32.77, Philharmonic 37, Sovereign 22.05. Sikelin da ke nuna lamba biyu bayan ɗigo da ma'aunin kauri ba su kai kuɗin giram ɗaya ba. Ƙarfe ɗaya ne ke tsallake wannan gwajin, tangistin, domin nauyinsa kusan daidai yake da na zinare, sai a lulluɓe shi da zinare a sama. Shi kuma amo ke tona shi: kwandalar gaske idan an ɗora ta a kan yatsa aka ɗan taɓa ta, tana yin ƙara mai tsawo, ta tangistin kuwa amonta daban yake. Na'urar da wasu shaguna ke haskawa tana karanta fatar sama ne kawai, kada a ce miki ita kaɗai ta isa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta sayi kwandala biyu a hannun wani da ta haɗu da shi a Facebook, ƙasa da farashin kasuwar duniya, wai yana sauri zai yi tafiya. Da aka auna, nauyi ya gaza da kusan giram uku kowacce. Ba mai sayar da zinaren gaske ƙasa da kuɗin da kowane shago zai ba shi nan take. Ƙaninki ya shiga shago mai rajista, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan kwandala da nauyi da karat, kuma ya tambayi ƙa'idar kwastam ta fita da ta shigowa tun kafin ya tashi, ya bayyana abin da ya ɗauko.

Ta fuskar addini abu biyu ne ba a wasa da su. Na farko, cinikin zinare da kuɗi hannu da hannu ake yin sa, kamar yadda ya zo a hadisin Ubada ɗan Samit. Ba a sayen sa bashi, ba a biya yau a ce a zo a karɓa wata mai zuwa. Idan ƙaninki wakilinki ne, ya biya ya karɓa a zama ɗaya, an cika sharaɗi. Masu cewa ki turo kuɗi su ajiye miki zinare a wani wuri da ba ki gani ba, suna ba ki riba duk wata, wannan cinikin biri a sama ne, zinare ba ya haihuwa balle a raba miki 'ya'yansa. Na biyu zakka. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka, amma kwandala ajiya ce, hukuncin kuɗi take ɗauka. Nisabi misƙali 20 ne, kimanin giram 85, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari idan shekara ta zagayo. Giram arba'in shi kaɗai bai kai ba, sai dai ana haɗa shi da sauran kuɗin da kike da su, don haka ki zauna da malaminki ku yi lissafi.

Kada kuma ki ɗauka zinare ba ya faɗuwa. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850, daga nan ta yi ta sauka har ta koma wajen 250 a 1999, ba ta sake ganin 850 ba sai a 2008. Wanda ya saya a ƙololuwa ya jira shekara 28. A 2011 ta kai wajen 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ta dawo kusan 1,050. Ta haura 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a Maris na 2025, ta haura 4,000 a Oktoban shekarar, kuma irin wannan gudun ne ke jawo sababbin masu saye a daidai lokacin da ya kamata a yi hattara. Ke abu biyu ne ke juya farashinki, kuɗin oza da dala da kuma canjin dala da naira. Da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a farkon 2024, mai zinare ya tsira ko da oza ba ta motsa ba. Amma idan naira ta farfaɗo a lokacin da oza ke sauka, ta gefe biyu za ki ji shi. Don haka kada kuɗin da za ki nema nan da shekara ɗaya ko biyu su shiga wannan harka. Ki ware na asibiti da na makaranta da na ko-ta-kwana tukuna. Abin da ya rage ma kada ki zuba shi rana ɗaya: tunda ƙaninki yana zuwa yana dawowa, ya sayo biyu a wannan tafiyar, biyu a ta gaba.

Idan sun iso, ki bar kowacce a cikin robarta, kada ki wanke, kada ki goge, kada ki bari a huda ta a yi miki abin wuya. Rasit ki ajiye shi daban da inda zinaren yake, ki kuma ɗauki hotonsa a waya. Kada ƙawayen aiki su sani, kada 'yan adashi su sani. Mutum ɗaya amintacce dai dole ya san abin da kika ajiye da inda yake, a rubuce, saboda halin rai da haƙƙin magada.

Kafin ki tura wa ƙaninki ko naira ɗaya, akwai zagayen da nake so ki yi da ƙafarki. Ki ɗauki hoton Maple Leaf ta kwatan oza da na sandan giram 10, ki shiga shagon 'yan gwal uku daban-daban a nan Kano, ki tambayi kowanne nawa yake sayen giram na karat 24 yau, kuma ko zai karɓi irin wannan ba tare da ya goga ta a dutse ba. Ki rubuta amsoshin, ki ajiye su kusa da farashin da ƙaninki ya turo daga Dubai na wannan ranar, a juya su zuwa naira. Wadda tazararta ta fi ƙanƙanta a cikin biyun, ita za ki ce ya sayo.